Ƙwaya Ɗaya da Rabi

Ranar da aka kai Baba Tsoho makwancinsa ina zaune cikin mata a tsakar gida, ina sauraron abin da masu gaisuwa suke faɗi a kansa, har na fara tunanin ko mutum uku aka binne ba a gaya mana ba. Wata tsohuwa daga bayan babban masallaci ta ce ita kam ba ta taɓa ganin mai sakin hannu irinsa ba. Ba ta rufe baki ba wata ta gyara zama ta ce Allah ya jiƙansa, amma a faɗi gaskiya mutum ne mai riƙo, ƙwayar sukari ba ta faɗuwa daga hannunsa a banza. Direban da ya tsufa yana sauke masa kaya ya tsaya a bakin zaure yana sharɓar kuka, yana rantsuwa tsohon bai taɓa ɗaga masa murya ba, alhali ni da kunnena na sha jin ana wanke shi tas saboda ya jingina buhu da bango. Maƙwabtanmu 'yan ƙabilun Basa da Bamileke suna shigowa suna durƙusawa gaban Iya suna cewa ashiya, ashiya, wato sannu da rashi. Iya tana amsawa da kai, idonta a bushe.

Baba Tsoho kakana ne, mahaifin Mama. Iya matarsa ce, ita kaɗai tun auren fari. Ni ce jikarsu ta fari, a gabansu na tashi a unguwar New Bell ta birnin Duwala a Kamaru, a gidan da ke manne da shagon sukarinsa, kafin aure da aiki su mayar da ni unguwar Bali. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, yaran gidanmu masu tasowa ba za su san shi ba sai a hoto, wani dogon tsoho mai farar hula da ya ɗaure fuska saboda bai yarda da mai ɗaukar hoton ba. Kuma akwai abin da ya faru a sadakarsa wanda har yau ban gama ganewa ba. Na ce ko in na shimfiɗa shi a takarda zai warware mini.

A unguwarmu ba a zuwa gaisuwar mutuwa hannu rabbana, kuma abin da aka fi kawowa sukari ne, don gidan rasuwa ba ya rabo da tukunyar shayi. To sai ga mutuwa ta faɗa gidan mai sukarin kansa. Kawu, babban ɗansa wanda ke riƙe da shagon yanzu, ya rufe ƙofa kamar yadda ya kamata, dole mutane suka gangara Kasuwar Kongo suka sayo a wajen abokan gasarmu suka kawo mana. Kafin la'asar ɗakin baƙi ya cika da kwalaye. Ga mai ƙwaya na gida, ga farin gari na jirgin ruwa, ga ja mai ƙanshin rake, har da wanda ake shigowa da shi ta bayan fage daga kan iyaka, wanda tsohon ya hana a taka masa zaure da shi. Mama ta leƙa ɗakin ta fito tana dariya tana hawaye, ta ce in akwai abin da zai tayar da Baba daga kabari to wannan ne.

A New Bell aka haife shi. Fataucin goro ne ya kawo ubansa daga ƙasar Kano, uban ya so ɗan ya gaje shi, ɗan ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana yayyafa wa kaya ruwa ba. Sai ya je ya zaɓi hajar da babu abin da take tsoro kamar ruwa, a garin da sama ba ta gajiya da zuba. Duk wanda ya san Duwala ya san iskarta ma jiƙaƙƙiya ce. Sukari kuwa yana shan danshi ya dunƙule kamar dutse, ko ya yi gumi ya narke a cikin kwali. Saboda haka dokokin shagon ba su da iyaka. Buhu ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa bango, a kan katako yake zama. Hannun da ya fito daga alwala ba ya ɗaukar kwali sai ya bushe. Da safe yakan matsa buhu da yatsu biyu ya aika a gaya wa mata su kwashe shanya, kuma sau da yawa ruwan ya sauko. In bai sauko ba sai ya ce ai ya zuba a Bonaberi, hayin kogi. Shekarar da ambaliya ta shigo mana har gwiwa, buhuna ya ɗora a kan gadonsu, Iya ta koma kan kujera. Har ta tsufa tana ba da labarin nan, wai tun ranar ta san matsayinta a gidan.

Yana alfahari da sukarin gida, na gonakin raken Mbanjok da Nkoteng. Ya taɓa ɗaukata a jirgin ƙasa muka je ina ƙarama, wai in ga inda tuwonmu yake fitowa. Abin da na riƙe shi ne rake har iyakar gani, da hayaƙin gonar da aka ƙone kafin sara, da masu saran, yawancinsu mutanen can ƙarshen arewa, toka ta rufe su sai idanu. Ya tsaya ya gaisa da su da Fillanci ɗaya bayan ɗaya. A hanyar dawowa bai yi hira ba, ni kuma ina ta tsotsar rake ban damu ba.

Yakan ce bakin Kamaru ya fi gonarta girma. Masu burodi suna ja, masu lemon kwalba suna ja, ga azumi in ya ƙarato kowa na nema, na gida ba ya kaiwa sai jiragen ruwa sun cike giɓin. Da na gama makaranta na sami aiki a wani ofis a unguwar Bonapriso inda ake yi wa kayan jirgi takardu, ciki har da sukari, sai ya raɗa mini suna 'yar jirgi. Wai na haɗa kai da baƙi ana karya masa kasuwa. Amma duk lokacin da na gida ya yanke, na jirgin nan yake sarowa ya sayar, har ya kira ni a waya yana tambayar yaushe zai iso. In na tuna masa ai ya ce mu maƙiyansa ne, sai ya ce bai fasa ba, tambaya kawai ya yi.

Duk da haka ba shagon aka fi saninsa da shi ba, shayi ne. Bayan asuba da bayan la'asar ana fito da benci biyu ƙofar gida, a kawo buta mai citta da kanumfari, duk wanda ya zo a zuba masa. Sai dai a gidan nan babu mai sa wa kansa sukari. Ba a dafa shayin da shi, ba a kuma ajiye kwanonsa a kan tire. Sukarin yana aljihun dama na rigar Baba Tsoho, aljihun da tela ke yi masa shafi biyu musamman. In an zuba maka sai ka miƙa kofi wajen ƙarshen benci, inda yake zaune jingine da ƙofar zaure, shi kuma ya zura hannu ya jefa maka. Ba ya tambaya, ba ya ma kallonka, yana cikin hirarsa. Ya san na kowa. In ya ga ranka a ɓace ya ƙara maka, in ka yi masa laifi ya rage, duk benci su gane daga fuskarka in ka kurɓa. Akwai wani dillali da ya yi masa ƙarya a kan kaya. Tsohon bai ce masa uffan ba, amma mutumin ya yi ta shan ɗaci safe da yamma har ya gaji ya ba da haƙuri da bakinsa.

In ya gama da maza sai ya shigo ciki ya tsaya a ƙofar ɗakin Iya. Nata ƙwaya ɗaya da rabi ne. Yakan karya ta biyun da farcen babban yatsa, ƙas, ya jefa mata, rabin da ya rage ya tura mini a baki ina maƙale da zaninta. Da na girma na bar gidan, duk ranar da na zo ziyara na miƙa kofi, guntaye yake zuba mini, bai taɓa ba ni cikakkiyar ƙwaya ba. Nakan ce tsoho ka ji tsoron Allah, abin da ya kakkarye ba zai sayu ba shi kake ba jikarka? Sai ya ce 'yar jirgi ba ta cancanci sabo ba.

Shi kansa kuwa ba ya sha. Tun da na buɗe ido na san shi shayinsa baƙi ne wuluk, ɗaci har wuya. Mama ta ce likita ne ya hana shi tun yana saurayi. Kawu ya ce babu wani likita, dabarar ɗan kasuwa ce, wanda ya saba lasar hajarsa ba ya tara komai. Wani tsohon abokinsa Bafillace ya ce tun ranar da ya fara ganin masu saran rake ya daina. Ni na tambaye shi da kaina ba sau ɗaya ba. Ran nan ya ce don harshensa ya zauna a wanke ne, ya iya bambanta na gida da baƙo. Wata rana ya ce haƙoransa yake tausayi. Wata rana kuma ya dube ni da mamaki ya tambaye ni wa ya gaya mini ba ya sha.

Rigimarsa mafi tsawo da Mami Makala ce, wata matar Basa mai soya makala, wato fanke irin na nan, a bakin titinmu. Wajensa take sayen sukari tun tana goyon ɗanta na fari. Wata shekara gab da azumi sukari ya yi ɓatan dabo a Duwala, masu shi suka ɓoye suna jiran farashi ya hau. Baba Tsoho bai ɓoye ba, bai kuma ƙara farashi ba, amma ya kafa doka: kowane gida kwali ɗaya, ko waye. Mami ta zo neman rabin buhunta na kullum, ya miƙa mata kwali ɗaya. Ta ce ita sana'a take yi ba damun kunu ba. Ya ce ita ma ai gida ɗaya ce. Ta tsaya a ƙofar shago ta zazzage masa masifa da Turancin Pijin iya cikinta, gaban mutanen da ke dawowa daga masallaci, ta yi gaba. Washegari ta dawo da makala a takarda ta dangwarar a gabansa, babu ɗigon sukari a ciki, ta ce ya ci ya ji abin da ya jawo wa 'ya'yanta. Ya ci ɗaya, ya ci ta biyu, ya goge hannu ya ce tunda take suya ba ta taɓa yin mai daɗin wannan ba. Damina guda ba ta gaishe shi ba, amma duk Juma'a sai ta aiko da irin makalar nan. Mu mun ɗauka zagi ne, shi ya ɗauka kyauta ce, har suka shirya ba ta daina aikowa ba. Ban san ranar da abin ya tashi daga zagi ya koma kyauta ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

To, washegarin rasuwarsa da hantsi ana shirin sadakar uku, Iya ta sa aka kira Kawu da Mama da ni ɗakinta. Tana zaune a tabarma cikin kayan takaba, kofin shayi a gefenta ya huce ba ta taɓa ba. Ba ta yi wata shimfiɗa ba.

"Ya ce kada a sa sukari a shayin sadakarsa."

Kawu ya dubi Mama, Mama ta dubi ƙasa. Ya sassauta murya ya ce, "Iya, yaushe ya faɗa? Ina tare da shi a asibiti har ya cika, ban ji ba."

"Ba a asibiti ba. A bakin ƙofar nan. An daɗe."

"Wa ya ji?"

"Ni."

Kawu ba mugu ba ne, ina so wannan ya zauna a rubuce. Shi ya ɗauki nauyin shagon tun ƙarfin tsohon ya ragu, a lokacin da manyan dillalai suka fara kai kaya da motocinsu har ƙofar kowane ƙaramin kanti, manyan kantunan zamani kuma suka janye masu albashi. An riga an fara raɗe-raɗi a kasuwa cewa gidanmu ya karye. Kawu ya ce gobe masu gidajen burodi za su zo, manyan 'yan sari za su zo, a miƙa musu shayi mai ɗaci a sadakar mai sukari, ga ɗaki cike da kwalayen da mutane suka kawo da hannunsu? Za a ce ko rowa, ko mun sayar da na gaisuwa. Ya ce to a yi haka, a dafa babu, amma a ajiye kwano a kan tire kowa ya sa da kansa. Iya ta ɗago ta tambaye shi ko ya taɓa ganin kwano a tiren gidan nan. Ya haɗa da Faransanci ya ce, "Non, Iya, pardon, wannan ba zai yiwu ba," ya tashi ya fita.

Aka aika wajen liman. Liman ya ce shi dai bai taɓa cin karo da wasiyyar shayi a littafi ba, ba wajibi ba ce, ba kuma haramun ba ce, a yi abin da zai kawo zaman lafiya. Da aka kawo amsar kowane ɓangare ya ce liman ya goyi bayansa.

A soro na ji Kawu yana magana da Mama da Faransanci don kada tsofaffin mata su gane. Ya ce Iya ta gaji, kanta ya fara rikicewa, in ta fita takaba a mayar da ita gidansa a sa haya a wannan. A nan na gane ba shayi kaɗai ake magana ba. In aka taka maganarta gobe, an gama yanke hukunci cewa ba ta san abin da take faɗi ba, kuma daga nan ba za a ƙara tambayarta komai ba, har inda za ta zauna. Da ya gama ya juyo ya gan ni. Ni ce mai dafa shayin, don ni tsohon ya koya wa haɗinsa.

"Ki sa sukarin tun a wuta," ya ce. "Daidai-daidai. Ita ba fitowa za ta yi ba. Mutuncin gida ne, 'yata."

Gaskiyar magana ni ma ina shakka. Iya ta fara kirana da sunan Mama, ta taɓa neman tabarau yana kan hancinta. Kuma tsohon nan mutum ne mai tsokana, zai iya faɗin haka da wasa wata safiya ya manta, ita ta riƙe. Zai iya yiwuwa kuma da gaske yake. Na juya maganar ta kowane gefe, duk inda na kama sai ta suɓuce. Na tambayi Mama, ta ce in yi abin da na ga ya dace, wato ta ɗora mini ta zame.

Da asubar ranar sadaka na ɗora manyan tukwane, na zuba ganye da citta da kanumfari, suka tafasa. Na buɗe kwali ɗaya cikin na gaisuwa na tsaya a kan tukunyar farko. Ina so in ce ƙarfin hali ne ya hana ni, ko biyayya ga Iya, amma ba haka ba ne. Tsayawa na yi ina tunanin nawa zan sa. Na liman, ko na direba mai shan zaƙi kamar yaro, ko na Bafillacen nan da ba ya son da yawa? Ba a taɓa yin shayi ɗaya na kowa da kowa a gidan nan ba, ban san ma'auninsa ba. Ina nan tsaye da kwali a hannu Mama ta leƙo ta ce maza sun taru, me nake jira. Na rufe kwalin na ce a ɗauka.

An kafa rumfa a titi, an shimfiɗa tabarmi, an fito da bencin nan biyu don dattawa. Na laɓe a zaure ina leƙe ta bayan labule. Aka yi karatu, aka yi addu'a, aka shafa. Aka fara zagayawa da buta.

Liman aka fara zuba wa. Ya karɓi kofin yana cikin magana da na kusa da shi, bai kurɓa ba, bai waiwaya ba, sai kawai hannunsa ya miƙe wajen ƙarshen benci. Na direba ya miƙe. Na Bafillace ya miƙe. Dillalin nan da ya taɓa shan ɗaci, shi ma. Wurin kuwa babu kowa, don babu wanda ya iya zama a nan tun ranar rasuwa. Sai na ga Kawu, wanda a saninsa na riga na sa tun a wuta, shi ma kofinsa yana sama, yana jiran ƙarar faɗawar ƙwaya.

Hira ta ɗauke. Hannuwan suka ɗan tsaya a haka, kowa yana kallon nasa kamar na wani ne. Liman ne ya fara janye nasa, ya dubi cikin kofin, ya yi bisimilla ya shanye tas bai yamutsa fuska ba. Direba ya kifa kai a gwiwa. Kawu ya kurɓa, ya ɗago ya dubi labulen da nake baya. Ban san abin da ke fuskarsa ba, ko fushi ne ko wani abu dabam. Ya shanye nasa shi ma.

Baƙin da ba su san gidan ba kuwa suka yi ta kallon juna suna ajiye kofuna a ƙarƙashin kujera. Ana cikin haka sai ga Mami Makala da ƙatuwar roba a ka, ta sauke a gaban dattawa, makala ce zafi-zafi babu sukari a ciki. Kawu ya tambaye ta wa ya gaya mata. Ta ce gaya mata me? Haka Papa yake cin tasa, yau kuma ranarsa ce.

Abin da Kawu ya ji tsoro bai fasa faruwa ba. An yi maganar a kasuwa, wani mai gidan burodi ya koma saye a wani wuri, Kawu kuma ya daɗe yana amsa gaisuwata a taƙaice. Amma bai ƙara tayar da zancen ɗauke Iya daga gidanta ba. Ko abin da ya gani a benci ne ya sauya masa ra'ayi, ko Mama ce ta yi masa magana, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Da jama'a suka watse na kai wa Iya nata. Na tarar da kofin jiya da na shekaranjiya a jere a bayan ƙofa, ba a sha ba. Na zauna kusa da ita na gaya mata abin da ya faru a waje, hannuwan da suka miƙe, har da na Kawu. Sai na yi ƙarfin hali na tambaye ta.

"Iya, don Allah, da gaske ya faɗa?"

Ta dubi ƙofa. Abin da ta ce ba amsar tambayata ba ce.

"Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ban taɓa sa wa kaina ba. Ban ma san ko nawa yake sa mini ba. Ban taɓa kallon hannunsa ba."

Ni na sani. Rigarsa tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, inda ya bar ta ranar da aka tafi da shi asibiti. Na zura hannu a aljihun dama. Akwai cikakkun ƙwayoyi a sama, danshi ya fara kama su. A can ƙasa kuma yatsuna suka taɓo guntaye, da yawa, duk rabi-rabi.

"Naki ne," in ji Iya. "Tun da kika tafi yake mayar da su aljihu. In kin zo ya zuba miki."

Na ɗauki biyu cikakku, na jefa ɗaya, na sa farce na karya ɗayar. Ba ta karye da kyau ba kamar tasa, amma ta karye. Iya ta ɗauki kofin ta kurɓa, ta ƙara kurɓa, sai a lokacin na ga hawayenta na farko tun rasuwar. Ni kuma ina zaune da rabin ƙwaya a tafin hannu na rasa yadda zan yi da ita, har ta fara narkewa.

Har yau ban san ko ya yi wasiyyar nan ba, ban kuma san abin da ya hana shi shan abin da ya ƙare rayuwarsa yana ba mutane ba. Duk safiya kafin in wuce ofis ina biyawa ta New Bell in tsaya a ƙofar ɗakin Iya in karya mata. Rabin da ke ragewa ina mayar da shi aljihun rigar nan, ban san wa nake tara wa ba. Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya yafe masa kurakuransa, ya shayar da shi abin da ya fi duk wanda ya shayar da mu.